Turmin Kaka a Ƙarƙashin Mota

Har yau in na ji warin giris, raina sai ya ɓaci. Jiya na wuce ta bakin garejin unguwarmu, na shaƙe shi, sai ga ni a tsakar gidanmu na Nguru ina 'yar shekara goma sha biyu.

Baba yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗaukar bandar kifi zuwa Gashua. Da bazarar shekarar nan sitiyarinta ya fara rawa, tayoyin gaba suna cinyewa ta gefe guda. Bakanike ya ce bushin kinfin ne ya mutu, wato zoben tagullar da kinfin, ƙarfen juya taya, yake zama a ciki. Ka san irin mutanen da in sun kalli aiki sau ɗaya sun zama gwanaye? To, haka Baba yake. Ya sayo sabon bushi, ya ce a gida zai sa.

A ranar ne Kaka, mahaifiyarsa, ta tafi Gashua suna. Tana da turmi na kirya wanda ta gada wurin uwarta, da shi aka kawo ta gidan aure. Ba mai daka a cikinsa sai ita, sai ni da take koya wa dakan fura. Tana ɗaure ƙullinta ta ce, "Turmina amana ne a hannunki. Kwana huɗu zan yi."

Ko tasha ba ta kai ba Baba ya ɗaga mota, ya ga jak ɗinsa ɗaya ne, kuma yana son abin da zai tokare ƙarfen gaba. Idonsa ya sauka kan turmi. Na rungume shi, na ce Kaka ta hana.

"Kafin la'asar zan mayar miki," in ji shi.

La'asar ta kwana huɗu ta wuce, turmi na ƙarƙashin mota. Tsohon kinfin ya yi tsatsa ya ƙi fita, sai da aka gasa wurin da gawayi aka yini ana dukansa da guduma. Kowane bugu a kan turmin yake sauka, ni kuma a ƙirjina. Da sabon bushi ya shiga, kinfin ya ƙi shiga cikinsa. Maimakon ya kai wa masu abin faɗaɗa ramin, Baba ya naɗe sanfefa a jikin muciyar tuwo ya zauna yana gurza, gumi na ɗiga. Muciyar ma ta tafi ke nan. Maƙwabta kuwa kowa da shawararsa, ba mai cewa a cire turmi. Kullum ina leƙawa ina ganin baƙin mai yana tsiyaya a jikinsa, takaici kamar ya kashe ni.

Rana ta biyar da hantsi aka sauke mota. Aka jawo turmi, ya tsage daga baki har gindi. Ina tsugune a gabansa Kaka ta yi sallama.

Ta shafa tsagar da yatsa, ta dubi Baba.

"Motar ta gyaru?"

"Ta gyaru, Iya."

"To, madalla. Shekara arba'in yana ciyar da kai, yau ya goya maka mota. Ya gama aikinsa."

Ni kuwa ta wuce ni ta shige ɗakinta, kuma da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Ba ta ƙara yin daka ba har ta rasu. Sitiyarin kuwa kafin damina ta kankama ya koma rawarsa, Baba ya kai wa bakaniken nan dai.

Motar tuni 'yan gwangwan suka yanka ta. Turmin yana ɗakina. Gero yanzu inji muke kaiwa, 'ya'yana suna ta cewa a faskara wannan tsohon itace mai warin gareji a huta. Nakan ce su bar shi. Ba a ce na sauke amanar ba tukuna.