Warin Albasa a Rudun Baba

Wata safiyar Lahadi cikin damina, shekarar da nake aji uku a lakwal, wato firamare, na rarrafa cikin rudun Baba na ji warin ruɓaɓɓiyar albasa, na kuma fito na ce masa lafiya lau. Ranar na fara yi wa mahaifina ƙarya.

Rudu 'yar bukkar kara ce bisa sanduna, inda ake ajiye albasa har ta yi daraja. A ƙauyenmu da ke bayan Dogarawa, aikina ke nan kowace safiya kafin in tafi lakwal: in shinshina, in tsamo wadda ta fara lalacewa, in jefar bayan danga. Baba kan yi dariya ya ce, "Hancin Rabi ya hi na kowa, ko mage sai ta sara mata."

A shekarar ne ruwa ya cinye 'yar gadar da ke tsakaninmu da kwalta. Manyan motoci suka daina zuwa, amalanken jaki ma sai ya kai bakin ƙorama ya juyo. Muka yi ta jiran masu gyara, shiru kake ji. Ina wanke-wanke na ji Baba na gaya wa Inna cewa in albasar ba ta kai buhu ashirin ba ranar da hanya ta buɗe, dole ya tafi ci-rani Abijan. Hankalina ya tashi, don na ga ni ce ke rage tarin da hannuna kullum. Sai na daina jefarwa. In na ji mai wari, in tura ta can ƙasa in rufe da masu kyau. Wayyo ƙuruciya! Ba wanda ya taɓa gaya mini guda ɗaya tana ruɓar da na kusa da ita.

Bayan mako biyar hanya ta buɗe, mota ta iso. Aka buɗe rudu, baƙin ruwa na ɗiga ta ƙarƙashi, da ƙyar aka tsinci buhu shida. Ina kuka na faɗi abin da na yi. Baba ya dube ni ya ce, "Ba ke ba ce, ɗiyata, hanya ce." Ana gama yankan gero ya tafi, shekara huɗu sai muryarsa a kaset.

Yau akwai gadar siminti a wurin, motoci na shiga har bakin gona, jikokin Baba na gudu a kai ba su san komai ba. Shi kuwa ya rasu bai ga wannan gadar ba. Duk sanda na taka ta, nakan so in tambaye shi ko da gaske hanyar ce, ko kuwa ni ya ɗauke wa nauyi.