Ƙwan da Ya Ƙi Mutuwa

Jaratu ta Tamaske mace ce mai riƙe magana, kuma abin da ya cuce ta ke nan. Ba ta daɗe a ɗaki ba mijinta Halidu ya ɗaura niyyar tafiya bida, neman kuɗi, Abijan. Kafin ya tashi ya ɗora fano, farantin sola, bisa soro, ya rataya farin ƙwan fitila a azarar ɗakinta, irin wanda ba ya shan batir. Mai sayarwa ya rantse masa ƙwan sai ya shekara goma. Halidu, da yake baki bai taɓa yi masa nauyi ba, ya kira wansa Alhusaini da liman.

"Ku shaida," ya ce. "In ƙwan ga ya mutu ban komo ba, igiyata ta sauka daga kanta."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha, ya hau mota.

Da fari tattalin ƙwan take kamar jinjiri. Gara ta kwashe tuwo da lalube da ta kunna shi a banza, sakarai, wai kada auren ya mutu. Shekaru suka tura, waya ta daina shigowa. Masu dawowa suka ce sun ga Halidu da mata da 'ya'ya, har ya aje tumbi. Ita kuwa tana nan tana noma, tana jan ruwa, tana wanke uwarsa Hannatu, wadda ƙafafunta suka mutu amma bakinta yana nan daram.

Da Tukur mai albasa ya aiko yana tambaya ko akwai hanya, ta tafi wurin Alhusaini ta durƙusa tana kuka.

"Yaya, ku sawwaƙe mini."

"Ke ɗiyar ga, ba gabanki anka yi magana ba? Ƙwai ya mutu?"

Bai mutu ba. Liman kuma ya ja mata kunne, in ta fasa shi da hannunta ta ci amana. Sai ta koma barin shi a kunne dare da rana, tana hararar shi, tana roƙon Allah ya kashe shi. Ba ta taɓa tsanar wani abu haka ba. Tukur ya gaji ya auri wata, furfura ta tsiro mata, ƙwai yana nan fes. Har maƙwabta suna aikowa a tambayi sunan kamfanin.

Bara Hannatu ta rasu. Bayan sadakar bakwai Jaratu na fitar da kayan tsohuwa, ta buɗe wata kwalla. Hannatu ba ta san yar da abu ba, ko tsinke ne. A ciki, ƙunshe cikin tsumma, ga matattun ƙwayayen fitila jere, duk irin nata.

Ta kai wa Alhusaini. Ko kunya bai ji ba.

"Na hwarko ko kaka bai kai ba," ya ce. "Kayan kasuwa na. In kin tahi rijiya nika canzawa. To, da kin hita, wa za shi wanke Inna? Matata?"

Jaratu ta zube ƙwayayen a gabansa.

"Yanzu kam kina iya tahiya," in ji shi.

Ya shiga ɗakinta, ya taka turmi, ya kwance ƙwan, ya goge shi da bakin riga ya sa aljihu.

"Wanga sabo na," ya ce. "Da sauran amfani nai."