Na Goya Inna Zuwa Gadon Magani

Yaya Rabi, jiya da dare wani mafarki na yi, har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Dama ga gajiyar jinya, tunda muka zo Indiyar nan da Inna ban yi barcin kirki ba.

Kin tuna tsohuwar fadar nan ta katako da na ce miki an kai mu gani a kudancin ƙasar? Wadda sarakunanta suka tashi suka bar ta tun zamanin kakannin kakanni? To can na ga kaina, goye da Inna, ba takalmi. Daɓen baƙi wuluk, sai sheƙi, wai da farin ƙwai da gawayin ɓawon kwakwa aka yi shi. Sanyinsa har ƙashi.

Gadon sarkin nake nema, wanda mai yi mana bayani ya ce da itatuwan magani aka sassaƙa shi. Na ƙudura in dai Inna ta kwanta a kai, ba sai an yi mata aikin nan na jibi ba.

Ƙofofin gajeru, kowacce sai na duƙa, bayana kamar zai ɓalle. Na ratsa dogon zauren da suke ciyar da talakawa, an jera ganyen ayaba cike da shinkafa, ba mai ci. Na ce a ba ni ruwa, ba wanda ya kawo. Sai kawai ga matattakala, ƙunci kamar rijiya, wasu mata na leƙena ta hudojin katako. Haushi ya kama ni, na ce, "Haba bayin Allah, kallo kawai? Ba mai kama min?"

Da ƙyar na kai sama, sai ga gadon. Ɗakin sai ƙamshin kanumfari. Na kwance goyo, sai kawai Inna ta tsaya da ƙafafunta, Innar da ko zama sai an tallafe ta. Ta ce, "Ke kwanta, 'yar nan, kin gaji."

Yaya, wallahi ban yi musu ba, na kwanta. Daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba. Ina kallo ta gyara mayafi ta fita, ko waiwaye babu, na kasa ɗaga ko yatsa.

Na farka a kujerar asibiti, wuyana ya sage, Inna na numfashinta a hankali. Don Allah ki tambayar min Malam. Tashin nan da ta yi, na samun sauƙi ne, ko sallama take min?