Aibin da Kawu Jafaru Ya Bayyana

"Wancan da ke lodi a bakin Mokola, ba Manniru Bahago ba ne?"

"Shi ne. Ashe ka san shi."

"Wa bai san shi ba? Da idona na ga ya kwantar da 'yan baya a filin ƙwallo na Adamasingba kamar ana shimfiɗa tabarmi. Me ya kai shi tuƙa keke mai ƙafa uku?"

"Kawunsa."

"Shi ya saya masa?"

"A'a. Gaskiya ya faɗa."

"Kai dai ba ka rabo da shaƙiyanci. Miƙo min burodin nan."

Ba shaƙiyanci ba ne. A Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, aka haifi Manniru, a wani gidan haya da ke bayan masallaci. Mahaifinsa falken goro ne, ya rasu tun yaron bai gama firamare ba, riƙonsa ya koma hannun ƙanin mahaifiyarsa, Jafaru, dillalin shanu a kara. Manniru ya tashi da Hausa a gida, Yarbanci a layi, buroka a filin ƙwallo. Da ƙafar hagu yake komai, har sunan ya bi shi. Idan ya ɗauko ƙwallo ta gefe, 'yan kallo Yarbawa kan tashi tsaye suna kiran "omo Sabo", wato ɗan Sabo, mutanen unguwa kuma su riƙa waige-waige don a san nasu ne.

Shi kuwa Kawu Jafaru, da shi ake kwatance a kara. Kafin mai saye ya buɗe baki zai dafa saniya ya ce, "Wannan ta taɓa ɓari." Ko ya ce, "Bijimin nan idonsa na dama yana ruwa, ka duba da kyau." Mahautan kasuwar Bodija ba sa ciniki sai yana wurin. Ya kan ce wanda ya ɓoye aibi ya sayar, mushe ya kai wa iyalinsa. Da wannan hali ya ciyar da gida, ya biya wa Manniru makaranta, ya saya masa takalmin ƙwallonsa na farko.

Manniru yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai wani kulob na babbar gasar ƙasa ya aiko nemansa. Ya je gwaji ya ci, likitansu ya duba shi ya ce lafiya lau. Saura sa hannu a kwantiragin shekara uku. Kocinsa ya ce ya nemi wakili irin na 'yan ƙwallo, wanda ya san bakin zaren. Mahaifiyarsa ta ce, "Za a yi ciniki a kanka, kawunka yana raye, ka je ka ɗauko bare?" Duk Sabo haka ta gani, shi ma Manniru haka ya gani. Wa ya fi Jafaru iya ciniki?

Da la'asar suka haɗu da sakataren kulob ɗin a wani otal, mutum mai fara'a, Bayarabe. Kawu ya sha babbar riga. Shi yana Hausa, sakatare yana Turanci, Manniru yana tafinta a tsakani. Aka gaisa, aka yaba yaro, sakatare ya zaro biro ya ajiye a kan takarda.

Kawu ya ɗaga hannu. "Dakata. Ka faɗa masa ƙafar nan ta hagu ta taɓa karyewa."

Manniru ya yi ƙasa da murya. "Kawu, ina ɗan aji uku fa. Ta warke tuntuni."

"Na san ta warke. Ni na kai ka wurin mai ɗori. Faɗa masa."

"Likitansu ya duba ni."

"Likita bai san ka faɗo daga katanga ba. Ni na sani."

Manniru ya juya ya ce wa sakatare kawunsa yana godiya ne. Kawu bai iya Turanci ba, amma shekarunsa a kara sun koya masa gane tafintan da ya haɗiye magana. Sai ya gyara zama, ya faɗi komai da kansa cikin Yarbancin kasuwa, har da nuna daidai wurin da ƙashin ya karye, sama da idon sawu.

Sakatare ya saurara har ƙarshe. Ya rusuna ya yi godiya da Yarbanci ya ce, "Baba, e se gan. Irinku sun ƙare a ƙasar nan." Sannan ya mayar da biro aljihu, ya ce zai yi waya da ciyaman.

Da ya dawo, shekara uku ta koma rabin kakar wasa, kuɗin sa hannu babu, kuma idan ƙafar ta sami matsala babu ruwan kulob. Manniru ya so ya karɓa ko a haka, domin ya san idan ya shiga fili ƙafar za ta yi wa kanta shaida. Kawu ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Albarka." Ya ja hannun yaron suka fita. A bakin ƙofa ya rage tafiya, ya ce, "Kada ka waiwaya. Yanzu za ka ji sun kira mu. Mai son saniya ba ya bari ta bar kara."

Har suka kai titi babu wanda ya kira su. Kafin sati ya zagayo kulob ɗin ya ɗauki wani ɗan gefe daga wata jiha. Su kuma masu horarwa bakinsu ɗaya ne kamar 'yan tasha, labari ya zaga cewa Bahagon Ibadan yana da tsohuwar karaya, danginsa ma sun tabbatar.

Abin da ya fi ci wa Manniru rai ya zo ne ranar wata Juma'a. Mai wa'azi ya ɗauko labarin ya kafa misali da shi, yadda wani bawan Allah a unguwar nan ya zaɓi gaskiya a kan duniya. Jama'a suna ta kabbara ƙasa-ƙasa, ana leƙen Kawu Jafaru. Manniru yana sahu na biyu. Da aka idar har da masu zuwa su yi masa murna da samun kawu irin wannan.

Ya ci gaba da buga wa ƙananan kulob, inda ake biyan albashi da "a yi haƙuri". Ya auri Ramlat, suka haihu, ya karɓi keke yana jigila tsakanin Mokola da Bodija, da yamma ya je atisaye. Ƙafar hagu ba ta taɓa yi masa ciwo ba, ko sau ɗaya. Bai fasa durƙusawa ya gaida kawunsa ba, shi kuma Kawu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Abin da yake cewa kawai, "Rabon da ba naka ba ne."

Bana tsohon kocinsa ya sami aiki a wani kulob na rukuni na biyu a Arewa, ya kira shi. Kaka ɗaya, da albashi, da wurin kwana. Manniru ya doshi talatin, ya san daga wannan babu wani kira. Sai dai yanzu akwai aibi na gaske. Gwiwarsa ta dama ta fara kumbura bayan kowane wasa, a zaman tahiya sai ya miƙe ƙafar gefe. Ramlat ce take gasa masa ita da ruwan zafi, ba su faɗa wa kowa ba. Amma masallaci ɗaya suke salla da Kawu.

Ranar da wakilin kulob ɗin ya iso Ibadan, Manniru ya fito da hantsi ya tarar da Kawu zaune a kan benci a ƙofar gida, da babbar riga da hula, sanda a jingine.

"Kawu, ina kwana. Unguwa za ka?"

"Uwarka ta ce yau za ku zauna da mutanen. Waɗannan namu ne, Hausa za a yi, ba sai da tafinta ba."

"Ai magana ta ƙare, Kawu. Hannu kawai zan sa."

"To sai in yi shaida." Ya dubi ƙafar Manniru, ya daɗe yana dubanta. "Gwiwar fa, da sauƙi?"

Manniru ya ɗora hannu a kan rufin keken. Ya san mutumin nan ba mugu ba ne. Ya san kuma idan aka zauna, ko ba a tambayi Kawu ba sai ya ɗaga hannu. Ya zo ya durƙusa a gabansa, gwiwar ta yi ƙara, dukansu biyu suka ji.

"Kawu, kai ka riƙe ni, ban taɓa roƙonka komai ba. Ba na ce ka yi ƙarya ba. Don Allah ka cire rigar nan ka zauna a gida, ka bar ni in je ni kaɗai."