La'adar da Zabuwa Ta Ƙi Biya

Kakata ta wajen uba dillaliya ce, kuma sai da na girma na gane cewa sana'ar tata na bin ta har cikin tatsuniyoyin da take yi mana. Kaka Tumba ake ce mata a Kagara. Da hantsi za ta ɗora ƙwarya a ka, ta rufe da faifai, ta shiga bin gidaje. Nan a ba ta zane ta sayar, can a ba ta tasa ko warwaro, wata kuma ta ce a nemo mata atamfa mai sauƙin kuɗi. Matan aure ba sa zuwa kasuwa, saboda haka kasuwar ce ke zuwa musu a kan Kaka. Idan ciniki ya faɗa sai ta cire la'adarta, ɗan abin da dillali ke ɗauka ladan wahalarsa, ta kai wa mai kaya sauran.

Lokacin ɗari, da an yi sallar isha'i, sai mu jikoki mu taru a ƙofar ɗakinta. Takan hura wuta da karan dawa, ta binne dankali a toka, ta miƙe ƙafafunta da suka sha yawo tana shafa musu man kaɗe. Dokarta ɗaya ce, ba a tone dankali sai tatsuniya ta ƙare. Wannan doka ta sa sauran yara suka tsane ni, don ni ce mai katse labari da tambaya, dankali kuwa ba ya jira. Har suna Kaka ta sa mini, Don-mi, kuma ya bi ni har makarantar firamare.

Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta dubi duhu ta bayanmu ta ce, "Ga wata nan tahe bisa hanya, wa ka buɗe mata ƙohwa?" Mu ce mu ne, ta shigo. Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta Zabuwa da ɗankwalinta.

Wai a da, Zabuwa ba sanƙo gare ta ba. Tana da wani ɗankwali ruwan zinariya da babu irinsa a duk fadama, in ta ɗaura shi ta fito tsuntsaye har tsayawa suke yi su kalla. Mijinta kuma babba ne, yana zama cikin dattawa a gindin tsamiya, ana jin shawararsa. Sai wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ba, rumbunsu ya koma fayau. Zabuwa ta duba ta duba, ba ta ga abin sayarwa ba sai ɗankwalin.

Dillaliyar garin Bushiya ce. Zabuwa ta kira ta cikin ɗaki ta nuna mata. Bushiya ta shafa, ta yaba, ta ce za ta sayar, amma a kowane mudun gero da aka biya, cikin tafin hannu guda nata ne. A nan Kaka kan siranta murya ta zama Zabuwa, har da karkata kai: "Don mi? Ɗankwali nawa na. Ƙahwa ina da ita, baki kuwa na hi ki." Duk ranar da ta kawo nan sai yara su juyo su kalle ni.

Ranar kasuwa Zabuwa ta tafi da kanta. Ta kwance ɗankwalin daga kanta a gaban kowa, ta ɗaga shi sama tana talla da iyakar ƙarfinta. Aka taru kuwa. Sai dai ba ɗankwalin ake kallo ba, ita ake kallo. Kurciya ta raɗa wa Hasbiya cewa ashe gidan Zabuwa an daina ɗora tukunya, kafin azahar magana ta gama kasuwa. Duk mai son saye ya gane cewa mai kaya ba za ta iya komawa gida da kayanta ba, sai kowa ya ja baya yana jiran rana ta yi sanyi. Gauraka ta wuce ta gabanta ta dawo, ta sake wucewa kamar ba ta gani ba. Da magariba ta gabato, kasuwa ta watse, sai Gauraka ta miƙa rabin mudu, ta karɓi ɗankwalin ta ɗaura shi nan take.

Kaka ta ce shi ne har yau Gauraka ke yawo da shi a fadama tana miƙe wuya. Zabuwa kuwa kanta a buɗe, in ta ga mutane sai ta ruga cikin ciyawa, kuma tallan nan ya zauna mata a maƙogwaro, ba ta iya dainawa. Mijinta bai ƙara zama gindin tsamiya ba. Sannan ta rufe da cewa labari ya ƙare nan, wanda bai ji ba ya tambayi toka.

Ni labarin bai taɓa gamsar da ni ba. Tausayin Zabuwa nake ji, haushin Bushiya kuma ya fi. Wata rana, yara na ta zungurina saboda ƙaurin dankali, na ce, "Kaka, to mi Bushiya za ta yi wanda Zabuwa ba ta yi ba? Ai ita ma kasuwag ga za ta tahi."

Kaka ta ci gaba da shafa mai a dugaduganta. "In anka ce wa ad da kaya, sai ta dunƙule. Ke kin taɓa ganin wanda yab buɗe bakin bushiya?"

Na ce a raina wannan ai talla ce tsohuwa ke yi wa sana'arta, ta fake da dabbobi. Har yanzu ma ban janye zargin gaba ɗaya ba, don Kaka ba ta san wasa ba a kan la'ada. Amma na sha gwada ta. In ta sauke ƙwarya sai in ɗaga faifai in ce wannan zanen na wane gida ne, ta ce na mai shi ne. Manyan mata ma sun gwada, da fura da daɗin baki, ba su samu ko harafin farko na sunan mai kaya ba. Ta rasu ina aji biyu na sakandare, duk abin da ta sani game da gidajen Kagara ta tafi da shi.

Na yi aure a Achida. Mai gidana, Bello, manomin albasa ne, gonarsa na fadama ta wajen Kwargaba. Mutum ne mai shiru wanda matasa ke zuwa tambayarsa lokacin dashe da yadda ake ba da ruwa. Shekarar da nake magana ya zuba albasarsa a rudu, rumbun da ake ajiye ta, yana jiran ta yi tsada. Danshi ya shiga, mafi yawanta ta ruɓe. Lokacin noman rani ya zo, ana bukatar iri da taki da man injin ban-ruwa, shi kuwa hannunsa babu komai. Bai faɗa mini ba, amma na ji yana tambayar wani nawa ake biyan ɗan ƙwadago a yini. In bai shuka ba a wannan ɗan tsakanin, sai ya ba da gonarsa haya ya koma yi wa yaran da ya koya wa noma aiki.

A ƙasan akwatina akwai wani leshi mai tsada da atamfofi da ban taɓa ɗinkawa ba. Sayar da su ba wuya. Matan unguwarmu na da guruf, wato zauren hira a waya, kyauta za ki sa hoton kaya, kafin la'asar an taya. Dillaliyar unguwar ma can take kai nata, sai dai ita a kan gadonki za ta ɗauki hoton, kowa ya ga zanen gadon ya san ɗakin wa aka shiga. Ƙannen Bello mata suna cikin guruf ɗin, matan abokansa ma haka.

Akwai kuma wani shafin gwanjo na intanet da na taɓa sayen takalmi a ciki. Ana sa kaya, masu so su yi ta ƙara tayi har lokacin da aka ɗiba ya cika, wanda ya fi ya ɗauka. Suna na ƙarya mai kaya ke sa wa kansa, ba a nuna lambar wayarsa. Da na karanta sharuɗɗansu raina ya ɓaci. Za ki biya kafin a sa kayan, in an saya su yanki kasonsu, in kina son hotonki ya fito a sama ki sake biya. Kaka ko ba komai ƙafarta ta tsage a kan la'adarta. Waɗannan fa, wa ya taɓa ganin guminsu? Na ajiye wayar, na ɗauka, na sake ajiyewa, daga ƙarshe na sa kayan ina ƙunƙuni.

Washegari wata mata ta aiko mini saƙo ta cikin shafin. Ta ce me zai sa mu ciyar da waɗanda ba su saƙa ba ba su rina ba, in ba ta lambata mu gama a waje, mu raba abin da za su yanka. Maganarta ta shige ni sosai, don abin da nake faɗa wa kaina ke nan tun jiya. Har na fara rubuta lambar, sai ta ƙara da cewa ta ga an rubuta kayan na jihar Sakkwato ne, tana da 'yan'uwa a Wurno, nan kusa da mu, sai su zo har gida su karɓa. Na goge abin da na rubuta, na ce mata ta yi tayi kamar kowa.

Kwanakin gwanjon ban yi aikin kirki a gida ba. Ina tuƙa tuwo ina leƙa waya. Wata daga Legas ta taya leshin, wata daga Fatakwal ta ƙara, ta Legas ta dawo da zafi. Na yi ta tunanin ko su wane ne, ko bikin wa za a je da shi, ko sun taɓa jin sunan Achida. Babu wadda ta san ina cikin matsi, saboda haka babu wadda ta ja baya tana jiran rana ta yi sanyi. Leshin ya kai kuɗin da ba wanda zai ba ni a garinmu. Atamfofin kuwa ba su yi armashi ba, bayan an yanki kaso abin da ya rage bai kai bakin wahalar ba, kuma da zan sake ba zan kai ƙananan kaya can ba. Na tafi cikin Sakkwato na aika da su daga inda ba direban da ya san ni. Shafin ya riƙe kuɗin mai saye sai da kaya suka isa, sannan ya sakar mini.

Na ba Bello kuɗin na ce ajiyata ce. Ya daɗe yana kallona, bai tambaya ba. Bayan kwana biyu na ji ƙarar injinsa ana gwadawa a zaure.

Duk da haka yankan da aka yi mini bai daina yi mini ciwo ba. Kaka in ta kawo wa mace kuɗinta takan zauna ta sha ruwa, ta yi mata addu'a Allah ya mayar da alheri. Ni saƙo kawai na samu cewa an cire kaza, ga saura. Na kasa sanin ko dabara na yi ko kuwa cutata aka yi da ladabi. Da mahaifiyata ta zo daga Kagara duba mu, sai na ja ta ɗaki na faɗa mata komai, ita kaɗai, na tambaye ta ko a ganinta abin ya ci kuɗinsa.

Inna ba ta san intanet ba, ba ta kuma nemi in yi mata bayani ba. Ta ce, "Mai gidanki ya hita masallaci yau da sahe?" Na ce ya fita. Ta ce ko an tsaya an gaisa da shi kamar kullum. Na ce har wani ya biyo shi gida neman shawara.

"To mi kika nema kuma?" Ta gyara bakin mayafinta, sannan ta ce, "Shekarad da anka yaye ki, ni ma tasoshina na aure dut tsohuwa tas saishe min su. Ina matar ɗanta, amma ko anini ba ta rage min ba cikin la'adatta. Na yi kwana da kwanaki ina jin haushinta. Babanku kuwa har Allah yak karɓi abinai bai san da mi anka yi tuwon waccan damina ba."

Ni da ke da tambaya a kan komai, ban taɓa tambayar me ya sa ɗakin Inna ba shi da jeren tasoshi irin na sauran mata ba.

Muna zaune haka muka ji sallamar Bello. Ya dawo daga fadama, laka har gwiwa, yana warin ganyen albasa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaida Inna, ta tambaye shi gona, ya ce dashe ya kama, sai godiya. Sannan ya juyo ya tambaye ni ko akwai sauran abinci. Na ce akwai, na tashi na zubo masa.