Kunnen Jar Akuyata

Ranar wata Laraba ce da hantsi, shekarar da nake aji huɗu a lakol, wato makarantar boko, an gama zuba gero a rumbuna, sai muka ji ƙarar mota daga hanyar Gangara. A ƙauyenmu mota ba ta shigowa a banza, don haka duk ajin muka miƙe wuya ta taga, malaminmu da muke kira Mushe yana buga tebur ba mai jin sa. Farar mota ce mai buɗaɗɗen baya, da akwatin sanyi a ɗaure, da samari masu shuɗiyar riga a zaune a kansa. Ba a jima ba mai shela ya bi lungu-lungu yana cewa likitan dabbobi ya zo da allura, kowa ya kai awaki da tumaki gindin tsamiyar masallaci. Ana tashin mu na zuba da gudu, ko takalmina ban tsaya ɗauka ba, domin ni ma ina da akuya.

A lokacin mu ba mu san gwamnati a ofis ba, a kan hanya muka san ta. Malamin gona yakan zo a babur da damina, ya tsuguna yana buɗe zangarniya yana neman tsutsa. Ƴan gandun daji masu koren kaya kuwa, da an hango su mata ke tura gatari ƙarƙashin tabarma. Malamar asibiti tana ɗiga wa jarirai magani a baki, jandarma kuma ba a ganin su sai an yi rikicin gona da makiyaya. Mushe ya sha zana mana a allo cewa kowanne da buronsa, wato ofishinsa, a Gazawa, kowanne da aikinsa, wannan ba ya shiga na wancan. Mun haddace har muka mai da shi wasa a filin lakol: ɗaya ya riƙe kara ya zama ɗan gandun daji, sauran mu watse da ƙirare a ka. Amma a wurin Iya, kakata da ta raine ni, duk sunansu ɗaya. "Gwamnati ta zo," haka take cewa, "riga kawai suke sakewa."

Akuyata ja ce, irin jajayen awakin nan na ƙasarmu, kuma mahaifiyata ce ta bar mini ita. Ina ƙarama ƙwarai ta rasu, ko fuskarta ba na iya tunawa. A wajenmu kowane gida da irin tsagar da yake yi wa kunnen dabbarsa, kuma wanda ya tsaga kunne shi ke da dabba, ko a gaban maigari magana ta ƙare ke nan. Mahaifiyata da hannunta ta tsaga wa wannan akuya kunnen hagu tun tana ƴar ƙarama, wuƙar ta goce, tsagar ta fito a karkace. Ni ke yo mata harawa, ni ke tsinto mata ƴaƴan gawo a hanyar rijiya, ni ke dama mata dusa da ruwan tsari kafin in tafi lakol. Ta cinye mini littafi, ta sha ɓarar da furar Iya, ta ja mini zagi wajen maƙwabta ba adadi. Duk da haka in ban ji kukanta da safe ba, sai in ji gidan ba daɗi.

Da na isa gindin tsamiya na tarar Iya ta riga ni, tana riƙe da igiyar akuyar, ta yi tsaye tana kallo. Samarin nan aiki suke da sauri: wannan ya danne dabba, wancan ya soka allura, na ukun ya kama kunne ya datse ɗan gefe da wani ƙarfe mai kama da almakashi. Iya ta matsa kusa da mai ƙarfen.

"Ɗan nan, mi ya kawo yankan kunne cikin allura?"

Bai ko ɗago kai ba. "Haka anka ce mu yi, Iya. Kawo ta, rana na yi."

Iya ta juya ta ja akuyarta sai gida. Kawu Sallau, ƙanen mahaifiyata, ya bi ta yana cewa don su gane wadda aka yi wa allura ne kawai. Ta ce da shi, "Kai ka shiga ransu? Yau su yanke, gobe su zo su ce tasu ce. Wanga kunne hannu guda ya taɓa shi, kuma ya isa."

Ranar nan ƙafata ba ta zauna ba. Na ruga wurin Mushe, ya ce allurar tana tsare awaki daga wata annoba, amma shi aikinsa allo ne, in je in roƙi masu allura. Na ruga gindin tsamiya na ce su yi mata allurar su bar kunnen, suka ce doka ba ta ba su ba, in matsa kar rago ya take ni. Na ruga gidan maigari, na tarar yana fama da abincin baƙi. Na komo gida, Iya ta shigar da akuyar ɗakinta bayan randa, ta zauna a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa. Ta dube ni ina haki ta ce, "Ƴar lakol, ke ma kin zama gwamnati?" Na yi kuka, na yi birgima, na ƙi cin tuwo. Da la'asar ina kan katanga motar ta tashi, ina kallon ta har ta sha kwanar gonar liman.

Da bazara ciwon ya shigo, aka ce daga dabbobin da aka sayo a kasuwa ne. Majina, zawo, baki ya yi gyambo, dabba ta daina kiwo ta tsaya kai a sunkuye. Yawancin masu datsattsen kunne suna tsaye lafiya, tamu kuwa ta kwanta, ga ta da tsohon ciki. Ba abin da Iya ba ta jiƙa mata ba, kanwa, sassaƙe, toka. Ni ina ta shiga da fita, in ɗaga mata kai, in kore mata ƙuda, in leƙa hanya. Kawu Sallau ya hau babur ya tafi buron dabbobi a Gazawa, washegari likita ya zo da kansa, wani dattijo mai furfura a gemu. Ya duba bakinta da idonta, ya ce waccan allura ta rigakafi ce, ba ta tayar da wadda ta riga ta faɗi. Ya ba ta abin da zai rage mata wahala. Sannan ya cire takalmi ya zauna a tabarmar Iya, ya yi mata bayani a hankali, cewa datsar don su san inda suka tsaya ne in sun dawo baɗi, gwamnati ba ta da garke a ƙauyen nan, akuyarta tata ce ko an datse kunnuwan duka biyu. Iya ta saurare shi har ya gama. Can ta ce, "Ai da yaron nan ya gaya mini haka."

Kwana ya kewayo akuyar ta mutu da cikinta. Likita ya ce kar a ci, a binne, Kawu ya haƙa rami bayan rumbu. Kafin a tura ta Iya ta tsuguna ta kama kunnen hagun, ta shafa tsagar nan da babban yatsa, ta ce, "Hadiza." Mahaifiyata ɗiyarta ce ta fari, kunya ba ta taɓa barin ta kama sunanta ba, ko ranar da ta rasu. Ranar binne akuyar nan ce kaɗai na ji shi a bakinta, kuma daga ita ban sake ji ba.

Yanzu tun kafin masu allura su taso an faɗa a rediyo, an kira a waya, mata har rigima suke a kan layi. Ni ma ina kai nawa awakin, in riƙe musu kunne da kaina. Iya ta daɗe da rasuwa, kuma har yau ban yanke wa zan ba laifi ba, ita ko saurayin nan mai sauri. In na hango tsohuwa ta tsaya daga nesa da igiya a hannu, ba na iya haƙuri, sai na bar layina na je wurinta. Aikinsu kam sun yi shi a kan lokaci. Zaman tabarmar ne ya zo a makare.