Ya Ce In Sake Su, Daga Baya Ya Musanta

A lokacin ni ne mai riƙe da makullin wani siton taki a Dutsin-Ma. Bokona bai wuce aji biyu na sakandare ba, amma na shekara da shekaru a wurin ba a taɓa neman ko buhu ɗaya an rasa ba. Sai kamfani ya kawo sabon tsari na kwamfuta. Ko mutum ya biya, odarsa tana nan a riƙe, ba mai ɗora kaya a mota sai manaja ya danna ya sake ta daga wayarsa. Shi kuwa rabin sati yana Katsina wajen iyalinsa.

Wata rana damina ta yi nisa, manoman Birchi suka zo da motar haya ɗaukar takin ƙungiyarsu. Jagoransu dattijo ne, abokin marigayi mahaifina. Tun hantsi suke zaune, oda ba ta fito ba. Bayan la'asar ya matso ya kira ni "ɗana", ya ce masararsu ta fara yin ruwan ɗorawa, direba kuma na barazanar tafiya, shin takin ma sai an yi masa biko ne kafin a sake shi. Kunya ta kama ni. Na buga wa manaja waya na faɗa masa. Cikin hayaniyar biki ya ce in sake su kawai, kar in dame shi. Na buɗe ƙofa aka loda.

Da masu bincike suka zo, kwamfuta ta nuna oda a riƙe, buhuna kuwa babu. Wallahi a gabana manajan nan ya ce shi mutanen yake nufi, in sallame su su dawo gobe, ba kayan ba. Ko idonsa bai ƙifta ba. Dattijon ya zo har ofis ya ba da shaida, aka ce tsari bai san shaidar baki ba. Aka karɓe makullin a gaban leburorin da nake ba umarni. Yau a kasuwar Kurfi nake awon hatsi, har gobe akwai mai sake auna tiyar da na auna masa, don ya ji an kore ni daga sito. Manaja kuwa yana nan kan kujerarsa.

Abin da na koya mai ɗaci ne: a wurin nan maganar baki ba ta tsaya wa ƙaramin ma'aikaci. 'Yan uwana masu tsaron sito, in ba ku ga an saki oda da idonku a allo ba, ku bar ƙofa a kulle, ko wa ke zaune a bakinta. In oga ya ce ku sake su, ku tambaye shi su wa.